Ruwan Wanke Ƙafa

Tun da hukuma ta rufe hanyoyin ƙasa, ba a zuwa Kwarin Bauna daga Rijiyar Tsamiya sai ta sama. Tafiyar da a da take cin wuni guda, yanzu wani ɗan jirgi marar matuƙi ke yin ta cikin minti shida.

Ranar da ƙanenta Ɗanjumma ya rasu, Gwaggo Tasalla ta shiga jirgin nan tana tsaki. A zamaninta a hanya ake yin kuka, mutum ya isa gidan makoki ido jajur, ƙafa futu-futu, kowa ya ga darajar mamaci a wurinsa. Yau kuwa ko gyara mayafi ba ta gama ba, ƙofar jirgi ta buɗe.

Ladingo, matar mamacin, ta tarye ta da buta kamar yadda aka saba.

"Sannu da hanya, Yaya. Ga ruwa ki wanke ƙafa."

Tasalla ta dubi ƙafafunta, tas da su, idonta ma a bushe. Takaici ya turnuƙe ta.

"Wace hanya, Ladingo? Mayar da ruwanki. Ranar da mijina ya rasu, wuni guda Ɗanjumma ya taka ya zo mini. Ni ko ƙura ban kawo masa ba."