Zauren Mai Ƙuli-ƙuli

Saude ƙawata, tunda kin ce za ki buɗe zauren mata a waya, kina tambayar yadda ake tara jama'a, ajiye tsintsiyar nan ki zauna in ba ki wani misali.

An yi wata mai ƙuli-ƙuli a wata unguwa. Ba ta yi boko ba. Da girmanta ta koyi karatu, daga rubutun jikin buhu da tsofaffin littattafan 'ya'yanta, har yanzu sai ta bi layi da yatsa. Da Allah ya hore mata waya sai ta buɗe zaure, wannan da ake ce wa guruf, ta sa matan da ke sayen mai a wurinta. Abin da take tura musu ba nata ba ne, tsintowa take yi: karatun malami, yadda ake shanya tumatir, sanarwar ranar rigakafi. Amma yadda take yi wa gyaɗa, haka take yi wa saƙo. Mai ƙuli ta san ruɓaɓɓiyar ƙwaya ɗaya tana sa tunkuza ɗaci, shi ya sa kafin a kai inji sai an baza a faifai an tsince. In wa'azi ne, sai ta saurara har ƙarshe. In girki ne, sai ta gwada a tukunyarta. In kuwa neman taimako ne da lamba a ƙasa, sai ta kira ta ji muryar mutum. Sau nawa ake ce mata, "Baiwar Allah, ai mara lafiyar nan tun bara aka sallame shi." Sai ta yi hamdala, ta goge. Rana kan fito ta faɗi, abu biyu kawai ta tura, wata ranar ko ɗaya babu.

Katanga ɗaya ta raba ta da wata matashiyar mace mai hannu da sauri. Ita duk abin da ya shigo wayarta, kafin ya huce ta watsa shi. Zaurenta ya cika ya batse, mata wajen dubu, wayarta kullum tana kuka kamar 'yan tsaki. Na mai ƙuli kuwa shekara biyu bai wuce mata sittin ba. Maƙwabciyar kan leƙo ta katanga tana dariya: "Yaya, zaurenki ko gidan makoki ya fi shi hira." Mai ƙuli ta yi murmushi, amma abin yana sosa mata rai. Har ta taɓa ɗora yatsa za ta tura wani saƙo ba ta karanta ba, sai ta tuna akwai ranar da za a tambaye ta kowace kalma, ta janye hannu.

Wata Juma'a da hantsi 'yar mai ƙuli ta fari ta haihu a asibiti, jini ya ɓalle mata. Aka ce sai an ƙara mata, kuma irin nata ba a cika samu ba, babu shi a ajiye. Aka gwada miji, aka gwada uwa, bai yi daidai ba. Maƙwabciyar nan tana tare da su, idonta ya yi ja, don ba muguwa ba ce. Ta ce, "Bari in tura a nawa, Yaya, na fi ki mutane." Ta tura. Nan da nan amsa ta dinga zuba: Allah ya ba ta lafiya, Allah ya tashi kafaɗunta, hotunan hannu biyu a ɗage. Wata ma ta rubuta cewa ai wannan tsohon saƙo ne, ta gan shi tuntuni. An saba ganin irinsa a zauren sau ɗari, ba wanda ya ɗauka yau da gaske ake. Har aka kira salla ba ƙafar da ta tako, yarinya kuwa leɓenta ya fara fari.

Mai ƙuli ba ta taɓa roƙon komai a zaurenta ba, kunya take ji. Ta jingina da bango, rubutu ya gagara. Sai ta danna ta yi magana: "'Yan'uwa, ni ce. Wannan ban kira kowa na tambaya ba, 'yata ce." Ta faɗi asibitin da irin jinin, ta tura.

Ana saukowa daga masallaci babura suka fara tsayawa a bakin ƙofa. Wannan ya ce matarsa ce ta tare shi a soro, ko abinci ba ta bari ya ci ba. Wancan ya ce yayarsa ta ce masa, "In daga wurin matar nan ya fito, to tashi kawai." Mutum goma sha ɗaya suka miƙa hannu, na biyu ya yi daidai. Kafin la'asar sakaliya yarinya ta buɗe ido tana tambayar jaririnta. Mai ƙuli ta shimfiɗa mayafi a barandar asibiti ta yi sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba. Maƙwabciyar na gefe tana kallon wayarta, har lokacin addu'o'i na shigowa.

To kin ji, Saude. Buɗe zaurenki, Allah ya sa albarka, amma ki nemi faifai tukuna. Hausawa sun riga sun faɗa: ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na ga kina kallon jikan nan nawa kina lissafin watanninsa. In kin gane matar, don Allah ki bar shi a cikinki, kada ki gaya wa kowa. Ba dabararta ba ce, rufin asirin Ubangiji ne, kuma tana tsoron yabon mutane ya cinye mata ladan.