A Tambayi Mai Huhun

Injin numfashin gado na huɗu ya sake yin ƙara, kuma Oga ya san dalili tun kafin kowa ya waiwayo. Ruwa ne ya taru a cikin tiyo, abin da za a zare a zubar a wuce wurin. Amma nas ɗin da ke bakin aiki ta zo ta danna maɓallin kashe ƙara, ta koma kan wayarta. Da yana da iko, da ya kore ta daga ɗakin.

Shekara da shekaru shi ne shugaban masu kula da injin numfashi a ɗakin masu tsananin jinya. Duk wanda ke taɓa injin nan a asibitin, a hannunsa ya koya, da faɗa da harara. Sai ga shi yau za a yanke hukunci mai nauyi a ɗakin nan, ba wanda ya ga ya isa a ji ta bakinsa. Abin yana cin ransa ba kaɗan ba.

Mai jinyar dattijo ne. Jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa, jiki ya mutu daga wuya har ƙafa, injin ne ke hura masa iska ta tiyon da aka zura masa a baki. Tiyo kuwa ba ya daɗewa a baki. Ko dai a huda maƙogwaro a mayar da shi can, mutum ya zauna kan inji har illa masha Allah, ko a cire, a ba shi maganin da zai hana shi wahala, a bar shi ya tafi da mutuncinsa.

Oga ya san abin da ke bayan hudar nan sarai. Ya san gyambon kwanciya, ya san zuƙar majina da ke sa ƙato hawaye, ya san ciwon huhu da ke tafiya yana dawowa. Ya kuma san mai jinyar ba ya so, domin ya sha faɗa, a gida da waje, tun yana kan ƙafafunsa.

Da hantsi likita ya shigo da iyalin, suka kewaye gadon. Babban ɗan, wanda sai da aka yi ta nemansa a waya kafin ya zo, shi ne ya fi kowa ɗaga murya.

"Likita, a huda kawai. Ba za a ce ni na kashe ubana ba."

Uwar ta ce a hankali, "Ya sha faɗa fa, ya ce kada a bar shi a kan..."

"Mama, don Allah ki bari. Kin san Baba da baki, wasa yake yi."

Ta kama hannun mijinta. Tafinta ya yi sanyi ƙalau.

Likitan ya gyara gilashi ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Wannan namu ne, duk abin da za a iya za mu yi."

Haushi ya kama Oga kamar ya fashe. Wannan likitan ne fa suke shan shayi tare, shi ne da bakinsa ya ce irin wannan huda azaba ce da aka sa wa rigar taimako. Yau yaro ya yi masa tsawa, ya haɗiye maganarsa. Kowa a ɗakin kansa yake karewa, ɗan yana tsoron bakin dangi, likita yana tsoron ɗan.

Saura mutum ɗaya. Auta tana tsaye kusa da injin, ita ce ta ƙarshe da Oga ya horar, shi ya laƙaba mata sunan. Ya koya mata ƙa'idarsa har ta haddace: kafin a yanke komai, a tambayi mai huhun, ko da ido kaɗai ya rage masa. Likitoci sun ce ƙiftawar wannan dattijon motsin jijiya ne kawai, amma Auta ta fi su sani.

Likitan ya juya gare ta. "Ke da kike wuni a kansa, yana amsawa kuwa?"

Ta matso ta sunkuya, bayanta ya tare wa kowa fuskar. "Idan kana ji na, a huda? Ƙifta ɗaya e, biyu a'a."

Idanun suka rufe suka buɗe. Suka sake rufewa suka buɗe, a hankali, babu kuskure a ciki.

Ta gani. Oga ya san ta gani, domin hawaye ya cika mata ido.

Ta miƙe ta ce, "Ba ya amsawa, likita. Idanun ma sun bushe, bari in sa magani in rufe su."

Ɗan ya yi ajiyar zuciya. Likitan ya ce a shirya ɗakin tiyata.

Auta ta yago filasta, ta sake sunkuyowa ta raɗa, "Ka yafe min, Oga, ba zan iya rasa ka ba," sannan ta manne masa fatar ido, ɗakin ya yi masa duhu.