Sunan Da Ke Saman Ƙofa

"Sauke allon nan!" in ji Yaya, tana nuna saman ƙofar sabon shagon ƙaninta. "Duk sunayen gidanmu, ka rasa abin rubutawa sai Kurma Walda?"

Auta bai sauko daga tsani ba. Ya ƙara wa ƙusar guduma ɗaya.

"Ai ko sunan Baba ka sa. Mutane dariya za su yi mana."

"Su yi har haƙoransu su zube. Ranar da na fito daga gidan yari, wa ya buɗe mini ƙofa a gidan namu? Wancan tsohon ne ya miƙo mini tabarau, ya nuna mini ƙarfe. Sunansa zan sa, kowa ya yi abin da zai yi."

Tsohon, wanda duk layin ke kira Kurma, yana kan benci yana goge tsatsa, kai a sunkuye. Shekara bakwai Auta na yi masa magana da ihu da hannu.

Yaya ta yi tsaki. "Kana tsammanin kirki ne? Rashin ji ne ya cece ka! Ni da kaina sau uku na je na gaya masa ɓarawo ya ɗauka. Da kunnensa na aiki, da tuni ya kore ka."

"Sau huɗu ne, 'yata," in ji tsohon, bai ko ɗago ba. "Na huɗun, da mijinki kuka zo."

Gudumar ta suɓuce daga hannun Auta.

"Ɗauko ta, ɗana. Allon ya ɗan karkace ta hagu."