Jar Dawa a Cikin Tulu

Kwana da kwanaki ke nan abu ɗaya na cin raina, ko tuwo na sa a baki ba na jin daɗinsa. A taron iyayen yara, shugaban makarantar su autata Hansai ya ce hukuma ta sake shawara. Da an ce a koyar da ƙananan aji da harshen gida, to garin namu harsunan gida sun yi yawa, sai aka taru a kan Hausa. Yanzu kuma wai Turanci tun daga aji ɗaya. Malamarsu ta ja ni gefe ta ce, “Maman Hansai, don Allah a rage mata yaren nan a gida, kada kanta ya rabu uku.” Jaranci take nufi, yaren iyayena. Yayyen Hansai babu mai jin sa. Ita kaɗai ta fara tsinta a bakin mahaifiyata, wadda tsufa ya sa Hausar ma tana zube mata. Ni karatuna bai yi nisa ba. Sai na kai kukana wurin Goggo Tasalla, yayar mahaifina, ita kuma ta ba ni wannan misali.

An yi wata mata manomiya a wani gari da ya tara ƙabilu, kowane gida da irin dawar da ya zo da ita daga tushe. Wasu farfara, wasu ƙaura, wata mai saurin nuna, wata sai sanyi ya shiga. Tata ja ce, gajera, mai ɗan bauri a baki, amma kununta na riƙe ciki tun safe har la'asar. Wurin uwarta ta gaje ta. Sai dai bambancin nan yana da wahalarsa. Tsuntsaye su gama da gonar da ta fara nuna su koma ta gaba, makiyaya su ƙagu su saki shanu su ci kara alhali wani bai girbe ba, kullum ana gaban hakimi ana shari'a. Da hakimi ya gaji, sai ya aiko da iri ɗaya ya ce kowa shi zai zuba a gonarsa, a shuka tare, a girbe tare. Kuma tsakani da Allah irin ba shi da laifi. Rumbuna suka cika, rigima ta kwanta.

Matar nan ba ta ƙi umarni ba, ba ta kuma yar da na gado ba. Ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika ido, ta sussuke, ta shanya, ta gauraya da toka, ta ɗura a sabon tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ta kai ƙuryar ɗaki. Hakimi bai hana kowa shuka kunya ɗaya ko biyu a bayan gida ba, kan gona kawai ya yi magana. Amma duk damina in ta dubi bayan gidan, ga kuɓewa, ga yakuwa, ga aikin babbar gona na jira, sai ta ce bari dai sai baɗi, ai tana nan a ajiye. In ta shiga ɗaki ta ga tulun, hankalinta ya kwanta. 'Ya'yanta suka tashi ba su san launin jar dawa ba, sun dai san akwai tulun da ba a taɓawa.

Ana nan shekaru suka ja, aka naɗa sabon hakimi. Ruwa kuma ya fara ɗaukewa da wuri, irin hukuma na bushewa a tsaye tun bai yi ido ba. Sai aka yi shela kowa ya fito da irin gidansu, ko a dace da mai jure fari. Matar nan ta yi murna, don ta san tata ba ta tsoron ɗaukewar ruwa. Ta fasa lakar, ta sheƙe tokar. Ga dawa nan jawur, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ta ba, kamar jiya aka zuba. Ta tara 'ya'ya da jikoki ta nuna musu. Ruwan shuka na sauka ta shuke ta kaf, ba ta rage ko tafi ɗaya ba. Gonakin maƙwabta suka yi kore, tata ta yi shiru. Ta yi ta zarya safe da yamma, daga baya ta durƙusa ta tona da yatsa, ta tarar ƙwayar ta ruɓe a inda aka sa ta. Ashe tuntuni ta mutu a cikin tulun, kyan fatar ne kawai ya rage. Ta bi gida-gida tana cigiya, har ƙauyen da aka haifi uwarta. Duk wanda ta tambaya sai ya ce, wallahi mu ma ajiyewa muka yi. Wata maƙwabciya da ba ta taɓa fasa shuka kunyarta a bayan danga ba ta ɗebo mata na gidansu. Ta karɓa ta yi godiya, ta shuka, ta ci. Amma farfara ce, ba jar uwarta ba.

Nan Goggo ta tsaya, ta dube ni ta ce, “Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.”

To jama'a, ga ni tsakanin malama da Goggo. Ina tsoron yarinyar nan ta zama ta baya a aji saboda ni, ta tsaya inda na tsaya. Ina kuma tsoron ranar da za a fitar da gawar mahaifiyata daga ɗakinta da duk abin da ke bakinta. Ku da kuka fi ni karatu, in rage wa Hansai shiga wurin kakarta, ko in bar ta? Don Allah yaya zan yi?