Isansin jirgin Mushe

Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko ta Gaya, kuma ba da kuka aka raba ni da ita ba. Amma akwai wata la'asar da ban manta ba.

Mushe, malaminmu, ya sayo ɗan jirgin sama a Kotonu, mara nauyi kamar totuwa, ana tuƙa shi daga ƙasa da 'yar na'urar hannu, telekomand. Na duba ko'ina, ba inji. Ni mai wayo, sai na ce yunwa ce ke damunsa. Na tsiyayo isansi, wato fetur, daga moton babana mai ƙafa biyu, na zuba masa a fiffike don in riga kowa tashinsa. Nan take fiffiken ya narke, ya yi rami.

Na ce shi ke nan, bulala da kora.

Mushe ya duba ramin. Ya ɗauko sikoci, salatif ke nan, ya liƙe.

"Don irinku na zaɓi mai araha, ja'iri. Jirgin koyo sai mai haƙuri."

Ya kai ni bakin kogi, ya nuna shirwa tana kewayawa ba ta kaɗa fiffike.

"Ga isansinsa can, iska mai zafi. Bi ta."

Ya cilla jirgin, ya miƙa mini telekomand. Jirgin ya hau, da facinsa.

Shekara arba'in ina tuƙin kamiyo, babbar motar kaya. Karatu bai zauna ba, amma yaron motata bai taɓa shan mari don ɓarnar farko ba. Allah ya jiƙan Mushe.