Lambar da Ke Gyara wa Junaid Turanci

Junaid bai ko rufe baki ba saƙon ya shigo. Ya gama gaya wa mutanen Sakkwato cewa "sword" takobi ne, ya maimaita musu sau uku, suwod, suwod, suwod, sai mai karanta saƙonni ta ɗaga waya ta karanto kai tsaye, duniya na ji: "Ku hwaɗa ma yaron ga 'sod' aka cewa. Shi bar wahal da leɓonai."

Shirin Kalma Biyar nasa ne, duk Asabar da hantsi, a wani ƙaramin gidan rediyo da ke Mabera. Kalmomin Turanci biyar, ma'anarsu da yadda ake furta su. Junaid ba shi da digiri. Da ƙamus mai yagaggen bango da taurin kai ya koya wa kansa, shi ya sa gyara ke ƙona shi kamar tafasasshen mai.

Asabar ta gaba ya ce "tomb" kabari ne, ya danna harafin ƙarshe da ƙarfi. Lambar nan dai ta sake: "Tum. Yaron ga shina da gaggawa." Mako na uku aka gyara masa "butcher". Ba sallama, ba suna, kullum yaron ga. Mutum mai shekara talatin da takwas da 'ya'ya huɗu!

Ya kwafi lambar, ya kira ta fi sau hamsin. Tana shiga, ba a ɗauka. Ya tura zagi iri-iri, shiru, sai Asabar ta zagayo. A kasuwa kuwa 'yan kabu-kabu har sun raɗa masa Malam Suwod.

Ranar da abin ya ishe shi, ya ajiye kalma ta huɗu ya fuskanci makirufo. "Kai mai ɓoyo bayan waya, in ka isa ka taho nan mu zamna. Matsoraci! Wanda duk yar rene ka bai iya reno ba, kuma gidanku ba a san mutunci ba."

Manajan gidan, Zulkifilu, ya tare shi a bakin ƙofa. Ya ce zagin ma laifi ne, amma abin da ya fi damunsa shi ne duk gyaran da mutumin ya yi, an duba, daidai ne. "Kuskure guda ya rage maka, Malam. In anka sake kama ka, shirin ya bar hannunka."

Sai Junaid ya yi dabarar da ta kashe shi. Maimakon ya ɗauko kalmomi masu sauƙi, ya tono waɗanda yake ganin ba mai saninsu a faɗin garin, don ya kunyata maƙiyinsa. Huɗu suka wuce lafiya, wayar ba ta motsa ba. Ta biyar ita ce "heifer". Ya ce haifa, ya ce saniyar tatsa ce, ya jingina da kujera yana murmushi.

Ko minti ba a yi ba. "Hefa aka cewa. Kuma karsana ta, ba ta san tatsa ba. Abin da yaron ga bai sani ba, shi tambayi na gaba da shi."

Zulkifilu bai tsaya jin bayani ba. Ya karɓi katin shiga, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Junaid ya hau babur yana huci, ya nufi gidansu a Ƙofar Rini. Ya riga ya yanke shawara: tunda ba a ɗaukar kiransa, zai sa a kira da muryar mace, a yaudari mutumin ya faɗi unguwarsu, shi kuma ya je ya ci masa mutunci gaban jama'arsa.

Mahaifinsa, Alhaji Mani, yana kan tabarma a ƙofar gida, tsohon falken shanu da ya shekara talatin yana kai kaya Ikko, inda ake ciniki da Turanci. Junaid ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya kau da kai ya ce, "Lahiya." Haka suke tun fil'azal. Junaid ɗan fari ne, ba hira tsakaninsu, ko saƙo ne sai ya bi ta hannun Tani, autar gidan.

Ita ya tarar a tsakar gida tana tsintar shinkafa.

"Ke, aje wanga tire, ɗauko wayarki. Yau sai na ga bayan ɗan iskan da yar raba ni da aikina."

"Yaya Suwod, ko zama ba ka yi?"

"Wallahi in kin sake hwaɗi nai sai na ɓata miki rai. Rubuta!"

Ya shiga karanto lambar da ya haddace kamar karatun allo, tana dannawa tana dariya. A lamba ta bakwai dariyar ta tsaya. Ta dubi ƙofar zaure, ta dube shi, sannan ta juyo masa da fuskar wayar. Lambar ta riga ta cika kanta, da suna a samanta: Baba.