Ragowar Ruwan Kaji

Zo nan, maigidan, ajiye wayar tukuna. Tun safe nake kallonka kana barbaɗa wa kajinka kafso a ruwa, alhali babu wadda ta ko sunkuyar da kai. Ba faɗa zan yi ba, misali zan ba ka.

An yi wani mai kiwon kaji da gidansa yake saman rafi. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, kajinsa ɓul-ɓul gwanin sha'awa. Kullum da safe sai ya ɓare kafso ja da rawaya ya kaɗa garin a ruwan shansu. Ba ciwo suke ba, so yake kada su yi, kuma su yi saurin ƙiba. Ba ya sa da yawa, ɗan abin da zai rina ruwan ne. Da yamma ya haɗa ragowar ruwan da kashin kajin a baro, ya gangara rafi ya juye, ya wanke mazubansa. Bai taɓa ɗaukar abin ɓarna ba. Ya taso ya ji ana cewa ruwa mai gudu ba ya riƙe ƙazanta, ga shi kuma yana aika wa awakin mutanen gangare magani kyauta. Sadaka ya ɗauke ta, har bisimilla yake yi kafin ya juye.

To a ƙauyen gangaren nan 'yarsa ta fari take aure. Ba ya kiran sunanta saboda kara, amma duk ƙwan da ya fi girma nata ne. A rafin take wanki, da goyonta a baya. Wata rana fasasshiyar kwalba ta yanke ta a tafin ƙafa. Ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da shiga ruwa, don wanki ba ya jiran ciwo. Ƙafa ta kumbura, ta fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Mijinta ya sayo kafso a kemis, irin na ubanta sak, ta sha, kamar an zuba a rairayi. Aka kai ta asibiti. A ba da wannan, shiru. A sauya wancan, shiru. Ƙafar ta yi baƙi har idon sawu, aka fara zancen a yanke ƙafar don a ceci ran.

Uban na tsugune a bakin ƙofa likita ta fito, wata mace mai haƙuri, ta tambaye shi wane ruwa yarinyar take shiga, su wa ke zuba abu a ciki. Da bakinsa ya faɗa, har da ɗan alfahari. Sai ta zaunar da shi ta yi masa bayani, ni ma yadda na gane zan faɗa maka. Ƙwayoyin cuta kamar tsuntsaye suke da mutum-mutumi a gona. Ranar farko su tsere. In kullum suna ganinsa bai taɓa kama kowa ba, wata rana a kansa za su sauka su yi kashi. Ɗan maganin nan da ba ya kisa, sabo yake koya musu. Abin da ya fi muni, ba sa riƙe dabarar su kaɗai. In sun haɗu a ruwa sai su miƙa wa juna, yadda mace ke koya wa maƙwabciya girki ta kan katanga, har ƙwayar da ba ta taɓa ganin kaza ba ta iya. Ta ce ba shi kaɗai ba ne, akwai kwatar gari, akwai sauran masu kiwo, amma baronsa yana ciki. Bawan Allah ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Likita, ni fa lada nake nema."

Allah ya yi da sauran tafiya a ƙafar nan. Aka samo wata allura daga birni wadda ƙwayoyin ba su san ta ba tukuna, kumburi ya fara saɓewa. Shi kuwa ya koma gida ya haƙa rami nesa da rafi, nan yake binne kashin har ya zama taki. Ya daina kafson safe. Ya koma share akurki da wanke mazubi, in kaza ta kwanta ya ware ta ya kira malamin dabbobi. Kajin ba su kai ƙibar da ba, gaskiya ce, amma suna ƙwai. Sauran masu kiwon da ya bi gida gida, wasu sun ji, wasu sun yi masa dariya.

Bayan kaka sai ga 'yar ta shigo gidan uban da ƙafarta, tana ɗan ɗingishi, yaron da ta goya yana tafe riƙe da bakin zanenta.  Uban ya sunkuyar da kai ya wuce akurki, ya kamo mata zakaran da ya fi kowanne girma.

Shi ya sa magabata suka ce kada garin neman gira a rasa ido.